Ikilisiyar da ta iya watandar sa a Kirsimeti za ta iya watandar masara

Duk shekara idan kaka ta yi, tsakanin ƙarshen Oktoba da farkon Disamba, majami'un da ke kan hanyar Gombe zuwa Yola, daga Billiri zuwa Kaltungo har Cham, da na cikin Tula da Balanga, suna yin sujadar godiya. Manomi ya kawo damin dawa ko buhun masara, mace ta kawo kwanon wake ko gyaɗa, wani ya jawo akuya. Bayan an tashi sai a yi gwanjon kayan, ko kuma dattawa su kira ɗan kasuwa ya auna ya biya, kuɗin ya shiga asusun gini. Wata takwas bayan haka, cikin Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabon amfani bai nuna ba, waɗanda suka kawo hatsin su ne za ka tarar a kasuwa suna awon mudu ɗaya ɗaya a kan farashi mafi tsada na shekara. Ikilisiya ta sayar a watan araha, 'ya'yanta sun saya a watan tsada, abin da ke tsakani ya shiga aljihun mai sito.

A ganina lokaci ya yi da za a daina wannan. Ikilisiyar ƙaramin gari ta riƙe hatsinta har damina ta yi tsakiya, ta kuma shirya wa membobinta sayen abinci a dunƙule tun da kaka. Wannan ya fi duk wani rabon taliya da shinkafa da ake yi ranar Kirsimeti ana ɗaukar hoto.

Kowa ya san yadda aka zo nan. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli na shekarar, amma yawancin masu zama a bencin majami'ar ƙauye ba su da albashin da za a ƙara musu. Manoma ne, da masu niƙa, da masu tuyar ƙosai, da 'yan acaɓa, da tsofaffin malaman firamare masu jiran fansho.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, mara kuɗi ya fi mai kuɗi biyan tsada a kan abu iri ɗaya. Ɗauki manja. Jarka mai lita 25 tana cika kwalba 33 da ɗan ɗoriya, in kwalbar mai santilita 75 ce. Mai shago ya sayi jarka ya sa ribarsa a kan kowace kwalba. Mai tebur a bakin layi ta sayi kwalba ta rarraba a murfi ko ta ƙulla a leda, ita ma da tata ribar, kuma ba laifinta, da shi take ci. Matar da ba ta da kuɗin kwalba, wadda kullum sai ta sayi ƙulli ɗaya na miyar dare, ita ce ke biyan ribar mutum uku. Haka magi, haka gishiri, haka sabulu, haka garin tuwo. Ga kuɗin mota kuma. Wanda zai bar ƙauye ya je kasuwar Tudun Hatsi a Gombe ko kasuwar Kumo don ya sami sauƙin buhu ɗaya, kuɗin zuwa da dawowa da na dako ya riga ya cinye sauƙin tun bai taya ba.

Ikilisiya ba ta da kuɗin da za ta ciyar da kowa, kuma duk fastocin da suka gwada sun ga iyakarsu cikin wata guda. Amma tana da abin da ɗan kasuwa ba shi da shi. Mutanenta suna haɗuwa kowace Lahadi ba sai an aika musu ba. Tana da sakatare da ma'aji da littafin rajista. Tana da Zumuntar Mata, wadda babu gidan da ba ta san abin da ke kan murhunsa ba. Sau da yawa akwai ɗakin da aka jibge karyayyun bencina da tsofaffin ganguna a ciki. Kuma mutanen sun riga sun saba da tsarin, domin watanda suke yi duk Disamba: a tara kuɗi, a aiki masu ido su sayo sa, a yanka, a kasa daidai yawan hannu, kowa ya ɗauki kashinsa ba faɗa. Abin da ake buƙata shi ne a yi wa masara da wake da manja irin wannan.

Farkon aiki lissafi ne, kuma a watan Agusta ko Satumba ake yinsa, tun hatsi yana gona. Gida mai mutum bakwai da ke tuwo da dare, kunu ko ɗumame da safe, buhun masara mai kilo 100 da wuya ya kai shi sati shida. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta ke nan yana buƙatar buhu biyu, ko biyu da rabi. A ce gida 40 sun shiga, kowanne da buhu biyu. Buhu 80 ke nan, tan takwas, lodin mota guda. Mai sayen tan takwas yana iya zuwa ƙauyen da ake sussuka ya yi ciniki da manoma kai tsaye, ya biya la'ada sau ɗaya, kuɗin mota sau ɗaya. Ma'aikata su riƙa zubi wata-wata kamar adashi har zuwa Nuwamba. Manomi kuwa ba sai ya kawo kuɗi ba, ya kawo nasa hatsin a auna a ajiye masa. Shi ma wannan taimako ne babba, domin abin da ke cinye hatsin manomi kafin damina ba ciki kaɗai ba ne: yau kuɗin makaranta a ɗebi mudu goma, gobe jana'iza a ɗebi ashirin, jibi baƙo. Buhun da ke bayan ƙofa mai kwaɗo uku ya fi wuyar taɓawa.

Masu zuwa sayayya kada su gaza mutum uku, kuma lallai a sa mace a ciki. Mata ne suka san masarar da ke ba da gari da wadda rabinta dusa ce. Su tafi da sikeli. Mudu ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, wani an bubbuge gindinsa, wani an ƙara masa baki, kuma buhun da ake kira na kilo 100 yakan zo da 92 ko 95 idan aka ɗora shi. A zazzage buhu ɗaya cikin kowane biyar a kan tamfol a duba har ƙasa, domin masu algus a tsakiya suke sa tsakuwa da ƙaiƙayi da jiƙaƙƙen hatsi, sama da ƙasa kuwa tas.

Danshi shi ne babban abin da ke kashe irin wannan shiri. Masarar farkon kaka tana da arha ne saboda ruwan da ke cikinta, ana sayar maka da ruwa a farashin hatsi. Idan aka ɗaure ta haka, cikin 'yan makonni za ta yi zafi, ta yi fumfuna, ta canza launi. Fumfunar masara da gyaɗa tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Masarar ajiya ana son danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin 100. Ba sai da na'ura ba. A ciza ƙwaya ɗaya: in ta fashe da ƙara, ta bushe, in haƙori ya nutse, da saura. Gwajin gishiri ya fi wannan tabbas. A sami busasshiyar kwalbar gilashi, a zuba hatsi kamar kashi ɗaya cikin uku na cikinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sosai, a rufe, a girgiza minti guda, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai isa ɗauri ba. A baza shi a kan tamfol a harabar majami'a kwana biyu ko uku, matasa su riƙa juyawa suna korar awaki. Bayan shanya nauyi zai ragu, buhu yana iya sauke kilo uku ko fiye. A faɗa wa mutane wannan tun kafin a tafi kasuwa, tun ran gini tun ran zane. In ba haka ba, ranar rabo wani zai ce an ɗebar masa.

Sai ƙwari. A nan ne ake yin ganganci mafi muni, kuma da kyakkyawar niyya ake yinsa. Wani zai ce a yayyafa maganin ƙwari na Sniper a wake. Kada a yarda. Ba maganin abinci ba ne, kuma ragowar sinadarin da ke cikinsa ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015. Wani zai kawo ƙwayar Phostoxin. Ita tana aiki, amma iskar da take fitarwa tana kashe mutum, kuma a ƙananan majami'u da yawa ɗakin ajiya bango ɗaya ne da ɗakin kwanan iyalin fasto ko na mai gadi. Abin da ya fi dacewa da ikilisiya shi ne buhun PICS mai rufi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ba a sa masa magani. Ana matse iskar ledar farko, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya, sannan a yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan na waje. Ƙwarin da ke ciki iska ce ke ƙare musu su mutu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa bakin ukun a ɗaure su lokaci guda, ko a riƙa buɗewa ana ɗiba duk mako. Kafin a zuba, a hura kowace leda a danna a ji ko tana fitar da iska. Buhun da aka kula da shi yana kai kaka uku. Wake kaɗan kuma jarka mai murfin kirki ta isa, muddin an cika ta har wuya kuma ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba.

Abokin gabar PICS ɓera ne, huda ɗaya ta ɓata aikin. A jera buhunan a kan katako, a bar tazarar da mutum zai iya wucewa tsakaninsu da bango, a toshe ramuka da siminti, a share duk ƙwayar da ta zube. A hau rufin a duba tun watan Maris, kada a jira ruwan farko ya nuna inda yake yoyo. Taki da kananzir da man janareta a nema musu wani ɗaki.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da maganar mutane. Hatsin ikilisiya ya fi lalacewa ta hannun "a taimaka mini zuwa ƙarshen wata" fiye da ta bakin ƙwari. Dattijo ya zo da maraice, matarsa na asibiti, a ba shi buhu ɗaya zai mayar. Wa zai iya ce masa a'a? An ba shi, labari ya fita, na biyu ya zo. Kafin Yuni buhu 80 sun koma 61 da takardar sunayen mutanen da ba wanda ke iya tunkara. Maganin wannan shi ne kowane buhu ya zama da mai shi: a rubuta lamba a jiki, lambar tana cikin littafi gaban sunan mutum, shi ma yana riƙe da rasit. Ba za ka iya ranta wa dattijo buhu mai lamba 27 ba, domin na wata gwauruwa ne kuma za ta zo nema. Ƙofa ta zama da kwaɗo uku, makulli ɗaya wurin dattijo, ɗaya wurin Zumuntar Mata, ɗaya wurin matasa. Kuɗin zubi ya shiga asusun banki na daban mai sa hannun mutum uku, kada ya kwana a asusun ma'aji na kansa ko da da sunan sauƙin tiransifa ne. A karanta lissafi a gaban jama'a sau ɗaya a wata.

Fasto kuma, don darajarsa, kada ya riƙe makulli. A sura ta shida ta Ayyukan Manzanni, da gunaguni ya tashi cewa ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su karɓi aikin rabon ba, sun sa an zaɓi mutum bakwai. Faston da ke rabon hatsi ranar Asabar, rabin masu sauraronsa ranar Lahadi lissafin wanda ya samu suke yi.

Akwai masu cewa ajiyar hatsi caca ce, kuma suna da hujja. Waɗanda suka sayi masara da tsada a ƙarshen 2024 suna jiran ta ninka sun ji jiki, domin a 2025 farashin hatsi sauka ya yi. Gaskiya ne. Shi ya sa wannan shiri bai kamata ya zama kasuwanci ba. Kada a ci bashi a saya, kada a sayi fiye da abin da membobi suka biya kuma za su ci. Wanda ya ajiye buhu biyu don cikin 'ya'yansa, in farashi ya sauka ya yi asarar 'yan dubbai a takarda, amma tuwonsa na Agusta yana nan. In ya tashi kuwa ya tsira. Ikilisiyar da ta ɗauki kuɗin gini ta sayi buhu 300 don riba, wannan ta shiga sana'ar da ba tata ba, kuma ranar da ta faɗi sai an yi shekaru ana nuna wa juna yatsa. Ya kamata kuma a sanar da dagaci ko hakimi abin da ake yi tun farko. A farkon 2024 an rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau ta Kano bisa zargin ɓoye abinci, kuma a lokacin yunwa mota cike da buhuna tana shiga harabar majami'a ba ta rasa masu fassara ta. A ƙasar Tangale da Waja ba abin mamaki ba ne ka ga gida ɗaya da Kirista da Musulmi, wa da ƙane. Maƙwabcin da ya kawo kuɗinsa ya ce a sa shi, a sa shi.

Hatsin godiya kuma dabam yake, kada a haɗa shi da na masu zubi, ko a littafi ko a jeri. Kaji da awaki da kabewa da duk abin da ba ya ajiyuwa a yi gwanjonsu yadda aka saba. Daga hatsin a fitar da abincin fasto da mai bishara, domin su ma daga baikon nan suke ci, kuma baiko ya ragu kamar yadda komai ya ragu. Inda tsarin ikilisiya ya ce a kai wani kaso sama, kamar yadda majami'un ECWA ke kai wa DCC, wato majalisar ikilisiyoyinsu ta gunduma, a kimanta a biya. Sauran a ɗaure shi har Yuli. A lokacin a sayar da wani ɓangare ga membobi a kan farashin kaka da ɗan abin da aka kashe na buhu da dako, kuɗin ya koma sayen na baɗi. Wani ɓangaren a bayar kyauta ga waɗanda ba su da ko na mudu.

Yadda ake bayarwar ma abin dubawa ne. Ranar 21 ga Disamba 2024 mutum goma suka mutu a turmutsutsun rabon abinci a wata majami'ar Katolika da ke Maitama a Abuja, a ranar kuma wasu suka mutu a Okija ta jihar Anambra. A cikin garin Bauchi an rasa rayuka wajen rabon zakka a watan Maris na shekarar. Ƙaramin gari ba zai tara irin wannan taron ba, amma yana da tasa matsalar: kunya. Wadda ta fi kowa buƙata sau da yawa ita ce ba za ta tsaya a layi a gaban surukanta ba. Kada a yi sanarwa daga bagade, kada a kira suna. Shugabannin Zumuntar Mata na kowace unguwa su kawo sunaye a asirce, mutum biyu su tabbatar, a kai kayan gida da yamma a cikin ziyarar da dama an saba yi. Mudu goma kowane mako biyu ya fi buhu guda a lokaci ɗaya, domin buhu yana jawo 'yan'uwa da masu bin bashi.

Saura maganar da dattawa ba sa so. Ba za a ce wa mutane su yi zubin abinci ba alhali ikilisiya tana tatsar aljihun nan ta wasu ƙofofi. Baiko na farko, na biyu, ambulan ɗin gini, kuɗin taron gunduma, ankon Zumuntar Mata, ankon mawaƙa, ƙaddamar da sabbin kayan kiɗa, sallamar fasto mai tafiya da tarbar mai zuwa. Kowanne shi kaɗai ba shi da yawa, kuma kowanne da dalilinsa. Amma a zauna a tara abin da mace ɗaya mai ƙwazo a Zumunta ke fitarwa daga Janairu zuwa Disamba, a mayar da shi mudun masara, sannan a yi magana. Anko ɗaya ya isa shekara biyu ko uku, babu wanda sabuwar atamfa ta ƙara wa murya. Baikon da ake fita layi-layi ana rawa yana da daɗi, sai dai wadda ba ta da ko naira hamsin takan gwammace ta zauna a gida ranar. A bar akwati a bakin ƙofa ko a zagaya da jaka mai zurfi. Ginin da ya kai linta zai iya jiran shekara guda in an rufe kan bangon daga ruwa.

Idan shekarar farko ta tafi daidai, sai a faɗaɗa a hankali. Shinkafa shanshera daga wajen Dadin Kowa, a turara a kai inji: kilo 100 yakan ba da tsaba 60 zuwa 65, don haka a yi lissafin itace da kuɗin casa kafin a ce ta fi arha. Manja da magi da sabulu ba sa buƙatar sito, a saya jarka da katan a farkon wata a raba a ranar, kowa ya zo da kwalbarsa. Tumatir kuma tsakanin Janairu da Maris yake zubewa lokacin da na rani ya cika kasuwa, ya yi tsada daga Mayu. A sayi kwanduna, a yanka biyu, a shanya a kan tamfol ko tabarma nesa da ƙurar hanya, kada a zuba a ƙasa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, saboda haka kauɗar da za ta fito ba ta da yawa a ido, kuma in ba ta bushe har tana karyewa ba, fumfuna za ta kama ta a cikin leda kafin Ista.